Ranar da Baba Ya Kawo Injin Daddatsa Rassa Gida

Zuwa ga ƙanina abin alfaharina, Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da maiɗakinka da 'yar lukutar nan taku da har yau sai a hoto muke ganinta. Allah ya raya mana ita, ya sa albarka a aikinka, ya kare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan duk lafiya lau muke, sai godiya. Inna ta samu sabon tabarau, yanzu ba ƙurar da ke ɓuya mata a saman kabad, kowa a gidan ya shiga taitayinsa. Gwaggo ta zo ta yi mana kwanaki, ta koma da ciwon gwiwarta da labaranta da ba sa ƙarewa. Yarana suna makaranta, babbar ta fara yi mini gardama kan yadda ake faɗin kalmomi, babansu kuma an mayar da shi aikin safe, don haka yanzu muna ganin fuskarsa da rana kamar sauran mutane.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga gare ni alhali ga waya. Dalili shi ne, a waya kullum kana sauri, ni kuma ina tsoron ka katse ni kafin in kai ƙarshe. Maganar da zan yi maka ta Baba ce, kuma ina so ka karanta ta duka kafin ka yanke hukunci. Kada gabanka ya faɗi, alheri ne.

Ka san yadda rayuwarsa ta koma tun ranar da ya faɗo daga kan itacen nan. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a sama, yana sare rassan da ke barazana ga rufin mutane da wayoyin wuta, sai ga shi da ƙarfe a ƙugu da sanda a hannu, likita kuma ya ce shi da hawa sun yi sallama. Kai ka ce ya zauna ya huta, za ka ɗauki nauyin gidan, kuma ka cika alkawari ba tare da an taɓa tuna maka ba. Allah ya saka maka da mafificin alheri. Amma Auta, ni da nake kusa na ga abin da hutun ya yi masa. Kujerar nan ta bakin ƙofa har ta lotsa ta ɗauki siffar jikinsa. Rediyo na magana, shi ba ya ji. Idan tsofaffin abokan aikinsa suka wuce da tsani da zarto a kafaɗa suka gaishe shi, yakan amsa da fara'a, amma suna karya kwana sai ya shige ɗaki ya ce kansa na ciwo. Baban da in yana magana a tsakar gida maƙwabta ke jin labarinmu kyauta, muryarsa ta koma sai ka matso kafin ka ji.

Abin ya faro ne daga Mai Dashe, matar nan da ke renon tsirrai da furanni a ƙarshen layinmu. Wata rana ta tsaya gaishe shi, take kukan cewa rana na ƙone mata dashe, ruwan da ta zuba da safe kafin azahar ya bushe, kuma dusar katako da take samowa wurin kafintoci ta yi laushi da yawa, iska ta kwashe rabi, rabin kuma ya dunƙule ya hana ƙasa numfashi. A daidai lokacin kuma ga hayaƙi na tashi a bakin titi, inda aka tara rassan da aka sare ana ƙonawa don ba a san yadda za a yi da su ba. Baba ya ce a nan ne ya tuna da wani inji da ya taɓa gani lokacin da suka yi wa wani kamfani aiki, wanda ake zura masa reshe ta baki ya fitar da shi ɓarɓashi ta wani bututu, ɓarɓashin nan kuma in aka shimfiɗa shi a gindin shuka sai ya riƙe danshi ya hana ciyawa fitowa. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya faɗe shi muna cin abinci, a hankali, kamar wanda ke neman izini.

Inna ta ajiye cokali. Ta ce injin da ke cinye reshe ba zai ƙi cin hannu ba, kuma ita ta gama zaman asibiti, wanda ta yi ya ishe ta har ƙarshen rayuwarta. Ta ce ƙafa ɗaya aka taɓa Allah ya bar mata sauran, ba za ta zuba ido ya kai hannu ba. Ni kaina ban goyi bayansa ba a ranar. Amma na lura daga wannan rana ya daina zaman kujera. Sai ka gan shi yana dogara sanda zuwa wurin makanikai yana tambaye-tambaye, ko yana auna faɗin lungunmu da ƙofar gida da sandar, ko yana zagaya masu lambu da masu kiwon dawaki yana jin ko za su so irin wannan kaya. Abinci ma ya fara cinyewa. Da na ga haka na je na sami Inna a ɗaki na ce mata ta dubi mutumin nan da kyau, ta gaya mini wanne ya fi ba ta tsoro, injin ko kujerar. Ba ta sake cewa a'a ba, ta dai yi kicin-kicin da fuska ta ce mu je mu gano, in ya so a dawo a yi magana.

Muka tafi babban gari da sassafe a a-kori-kurar Kawu, ni a tsakiya, Baba a gefen taga da wani ƙaton buhu da ya jefa a baya. Kawu, ka san bakinsa, tun daga ƙofar gida ya fara tsokana da ya ga rassan mangwaro na leƙowa daga buhun, wai bai taɓa ganin wanda ke kai wa birni itacen girki tsaraba ba. Shagon da muka je wani babban fili ne mai rufin kwano, cike da injinan ban ruwa da janareto da na kwaɓa siminti, ko'ina warin baƙin mai. Mai shagon mutum ne mai faran-faran, ya fara nuna mana wani ɗan ƙarami mai aiki da lantarki. Baba ya dube shi kallo ɗaya ya ce wannan na masu gyaran furannin tsakar gida ne, kuma shi aikinsa zai riƙa kai shi gidajen mutane da bakin hanya, ba zai riƙa yawo yana roƙon inda zai jona waya ba.

Sai mai shagon ya ja mu can ciki, ya yaye tamfol daga kan wani ƙato mai launin rawaya, irin wanda ake ɗaura wa mota ta ja. Ya tayar da shi, aka zura masa wani gungume mai kaurin cinya, ya haɗiye shi kafin ka ƙifta ido. Auta, da ka ga idon Baba. Ya riƙa zagaya shi yana shafa jikinsa kamar mai duba doki. Mai shago ya ga kasuwa ta zo, ya shiga zuba, wai wannan shi ne na manyan maza. Kawu kuma ya ƙara zuga shi, wai mutum irinsa da garin nan kaf aka san shi da manyan itatuwa bai kamata a gan shi da abin wasan yara ba. Ni kuwa na san abin nan ko hancinsa ba zai shiga lungunmu ba, kuma ko da ya shiga, sai da ƙarti za a riƙa motsa shi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna rabon da in ga fuskarsa haka, na kasa.

Shi da kansa ya miƙo mini sandarsa, ya sunkuya ya kama ƙarfen da ake ɗaura wa mota, ya gwada ɗagawa. Ya ɗan motsa, amma na ga yadda leɓensa ya matse, ƙafar nan ta fara rawa. Ya sake shi, ya miƙe a hankali, ya tsaya yana kallon injin. Ma'aikatan shagon duk sun taru suna kallo. Na zaci zai ce launin ne bai yi masa ba, ko ya kawo wani uzuri irin na maza. Sai kawai ya juya ga mai shagon, a gaban kowa, ya ce wannan inji ne mai kyau, amma na mutumin da yake a da ne, a nuna masa wanda ya dace da mutumin da yake a yanzu. Ya ce ya gaji da jiran a zo a ɗaga shi, ba zai sayi abin da shi ma sai an zo an ɗaga masa ba. Wallahi Auta ban taɓa ganin Baba da girma a idona kamar a wannan lokacin ba, ko sanda yake can ƙololuwar itace muna yara muna ɗaga kai. Kawu ma sai ya koma duba tayar wani baro da babu ruwansa da shi.

Wanda muka ɗauka matsakaici ne, mai shan fetur, da tayoyi biyu da mariƙai kamar na baro, tsayinsa ya kai ƙirjina, kuma yana cin reshe mai kaurin dantsen hannu. A nan buhun da Kawu ya yi wa dariya ya yi amfani. Baba ya ce busasshen itacen da ke shago ba shi ne zai riƙa samu ba, ya zaro ɗanyen reshen mangwaro da ganyensa, da wani mai ƙulli-ƙulli, ya sa aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗebi ɓarɓashin a tafin hannu yana murzawa yana shinshinawa. Ya sa aka kwance murfin ya ga wuƙaƙen, ya tabbatar ana iya cire su a kai wa mai washi. Ya ji daɗi da ya ga injin da ke juya su irin na famfon ban ruwa ne, wanda kowane makanike ya san cikinsa. Ya ja igiyar tayarwa da kansa yana tsaye kan ƙafar mai lafiya, ya tashi. Ya tura shi ya zagaya filin ba tare da kowa ya kama masa ba. Daga ƙarshe ya sa aka kashe shi aka cire filogi, ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa cikin bakin injin har kafaɗa, ya ce in leƙa in gani da idona cewa yatsunsa ba su kai wurin wuƙa ba, don ni ce zan ba Inna shaida. Ya kuma nuna mini wani jan maɓalli a gefe wanda ana taɓa shi injin ke mutuwa.

Wurin lodi aka tsiyaye fetur ɗin da ya rage, mai shago ya yi ta jaddada mana cewa kada a kuskura a kwantar da shi, a tsaye zai tafi, in ba haka ba baƙin mai zai malala inda bai kamata ba. Aka jingina katakai biyu aka gangara da shi sama, aka matsar da shi jikin kan mota, aka tokare tayoyin da guntayen katako. Kawu ya ɗauko wata igiyarsa da ta sha duniya, duk ta tsattsage. Baba ya ce ya mayar da abarsa, ya sa hannu can ƙasan buhu ya zaro igiyoyinsa na hawa. Ka tuna su, masu kaurin nan da ya hana mu yin lilo da su. Inna ta ɓoye su a ƙarƙashin gado tun yana asibiti don kada ya gan su ransa ya ɓaci, ashe ya daɗe da sanin inda suke. Ya ɗaure injin ta kusurwa huɗu, yatsunsa na tafiya kamar jiya ya bar aikin, aka rufe da tamfol. Sai rigima ta tashi, wai shi a baya zai zauna kusa da kayansa. Na ce sai dai in ni ma a bayan zan zauna. Da ƙyar ya shiga gaba, amma duk tafiyar wuyansa a juye yake yana leƙe ta gilashin baya.

Mun yi nisa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya rage gudu. A wata kwana mai gangare sai ga wata babbar mota ta taho a tsakiyar titi ba ta da niyyar kaucewa. Kawu ya karkata gefe, ƙasar wurin kuwa ta jiƙe ta yi laushi, tayar baya ta zame ta faɗa kwalbati. Motar ta karkace har na faɗa kan Baba, Kawu ya faɗo kaina yana salati. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Da muka fito ta ƙofar Kawu, sai na ga halin da muke ciki. Motar ta jingina gefe guda, injin ya karkata yana kallon ramin, igiyoyin sun miƙe tsam kamar za su yi magana, su kaɗai suka hana shi tafiya.

Mutane suka fara tsayawa, masu babura da wasu manoma da suka fake a wata rumfa. Kowa da shawararsa, mafi yawa suna cewa a taru a tura kawai. Baba ya ce in aka fara jijjiga motar da wannan nauyi a gefen da ya yi ƙasa, to ita da injin da duk wanda ke wannan gefen za su kwanta tare, sai an sauke kayan tukuna. Amma katakan ba za su zauna a kan motar da ta karkace ba, ɗauka da hannu kuma a cikin wannan santsi neman karya ƙafar wani ne. Muna cikin haka na ga ya ɗaga kai. Akwai wani babban itace a bakin hanyar, reshensa ɗaya mai kauri ya miƙo har saman motar. Ya daɗe yana kallonsa, ruwa na zuba a fuskarsa. Wani daga cikin masu baburan ya ce bari ya hau ya rataya igiyar, Baba ya daka masa tsawa ya ce ba mai hawa jiƙaƙƙen itace a gaban idonsa, yana da rai. Ya karɓi sufana, ƙarfen kwance noti, wurin Kawu ya ɗaura a bakin igiyar da ta rage a buhu, ya ba ni sandarsa, ya gyara tsayuwa ya wurga. Ta bugi reshen ta dawo. Ya sake, ta faɗa cikin kwalbati, har ya yi taga-taga na tare shi. Na ce Baba a bari wani ya gwada. Ko kallona bai yi ba. Ya goge hannu a riga, ya yi lilo da ita a hankali, ya saki, sai ga ta ta tsallake reshen ta sauko ta ɗaya gefen.

Daga nan Baban da ka sani ya dawo. Ya ɗaure injin ta wuyansa da ƙugunsa yadda ba zai kife ba, ya jera maza a kan igiyar, ya naɗe jelarta a jikin itacen ya riƙe, ya ce in kama bayansa. Ya sa biyu su tsaya da wata igiyar su riƙa jan injin zuwa wajen titi, ya kuma gargaɗi kowa kada ya shiga ƙarƙashi. Sannan ya fara ba da umarni, a ja, a tsaya, a kwance na kusurwa, a sassauta kaɗan. Auta, muryar nan ce, wadda muke ji tun daga makaranta mu san a wane layi yake aiki. Ta rufe ƙarar ruwan sama. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna bin maganarsa ba musu. Injin ya tashi daga bayan motar, ya yi lilo a iska, tamfol na kaɗawa, sannan ya sauko a hankali ya dira kan tayoyinsa a kan kwalta, a tsaye cak. Wurin ya kaure da ihu da tafi. Ni kuwa kuka nake, na gode wa Allah da ruwan sama ya rufa mini asiri. Bayan nan tura motar bai yi wuya ba, aka sake lodi, aka yi musabaha, kowa ya kama gabansa jiƙe sharkaf yana dariya.

Ba zan ɓoye maka ba, ya ji jiki. Da muka koma mota ya rufe ido ya cije haƙori, duk ramin da muka shiga sai na ji ya ja numfashi. Kawu ya yi ta surutu don ya ɗauke masa hankali, har yana cewa ai shi tun farko bai yarda da ƙaton rawayan nan ba, da shi muka ɗauko da yanzu muna kwance a kwalbati ana karanta mana addu'a. Baba ya buɗe ido ɗaya ya kalle shi, sai duk muka fashe da dariya.

Mun iso da la'asar, ruwa ya ɗauke. Motar ba ta shiga lungu, don haka a bakinsa aka sauke. Maƙwabta suka fito za su taimaka, Baba ya yi musu godiya ya ce su bar shi. Ya rataya sandarsa a bakin injin, ya kama mariƙan, ya tura. Yana ɗingishi, laka har gwiwa, rigarsa ta manne a jiki, amma kansa a sama. Tela ya tsayar da kekensa ya fito, mai shagon kusurwa ya bar ciniki, Mai Dashe ta biyo mu tana ta sa albarka. Injin ya shige ƙofar gida daidai kamar don ita aka ƙera shi. Inna na tsaye a tsakar gida ta harɗe hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi injin, ta ce ita dai ta san gani aka ce za a je a yi. Na fara ba ta shaidar hannun, ta ce ba ta karɓar shaidar 'yar da ta haɗa baki da ubanta, sai ya sake a gabanta. Ya naɗe riga ya zura, ta sa sabon tabaraunta ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta tambayi aikin jan maɓallin. Da aka gaya mata, sai ta ce to wannan nata ne, injin ba zai taɓa tashi ba sai tana tsaye kusa da shi. Ta ɗora ruwan zafi ta gasa masa ƙafar tana faɗa tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana ta murmushi kamar ana yabonsa. Washegari ta kwashe rigunansa ta kai wa tela a rage faɗin hannuwan, don kada reshe ya kama.

Yanzu aiki ya fara. Abokan aikinsa na da suna kawo masa rassa har bakin lungu suna murna, don ya rage musu wahalar zubarwa, kuma yanzu in sun zo zama suke yi a yi hira irin ta 'yan sana'a ɗaya. Mai Dashe ce ta fara ɗaukar kaya, ta kuma turo wasu masu lambu. In aikin kusa ne ya tura abinsa ya je, in da nisa Kawu ya kai su. Ya yi yarjejeniya da maƙwabta ba zai tayar da shi da sassafe ko lokacin hutun rana ba, don ƙararsa ba wasa ba ce. Gidan ya koma ƙamshin ɗanyen itace kamar lokacin muna yara. Da za ka ga Inna da auduga a kunne da tabaran kariya a kan nata tabarau, tana tsaye ƙyam hannunta kusa da maɓalli, da ka yi dariya har ka faɗi. Baba na kawo mini ƙara wai duk sanda take son faɗin wata magana sai ta kashe masa inji, ta faɗi abinta, sannan ta ce ya ci gaba. Ita kuma ta ce shekara da shekaru tana neman abin da zai sa ya saurare ta, sai yanzu ta samu. Ba komai ne ke tafiya sumul ba. Jiƙaƙƙen ganye ya taɓa toshe bututun suka yi rabin yini suna fama, masu saye ba su yi yawa ba tukuna, kuma ranar da gari ya yi sanyi ƙafar na hana shi fita. Ban san inda sana'ar za ta kai ba, Allah ne masani. Amma na san yana kwana da gajiyar aiki, ya tashi da abin yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya kasa gaya maka da bakinsa. Ya ce yana jin nauyinka, kada ka ɗauka abin da kake yi ne bai isa ba, ko ya raina ƙoƙarinka. Ya ce in faɗa maka da ba don ka riƙe gidan ba lokacin da yake kwance, da ko tunanin tashi bai samu sararin yi ba. Da ya zo nan a maganar sai ya juya baya ya shiga goge injin da ba shi da datti. Na san tsoro ne ya sa ka ce ya huta, irin tsoron da Inna ta ji, wanda ni ma na ji. Amma ina roƙonka abu ɗaya. Idan ka kira shi, kada ka fara da tambayar ƙafa. Ka ce masa, Baba ya aiki. Ka dai tabbata kana da lokaci, don ba za ka samu ka ajiye wayar da wuri ba.

Ka gaida mini maiɗakinka da kyau, ka ce ina godiya da yadda take kula mana da kai, ka sumbaci 'yar lukuta a madadina. Gwaggo na gaishe ku, Kawu na gaishe ku, ya ce in ka zo zai ba ka labarin kwalbati yadda ya faru da gaske, wato yadda shi ya ceci kowa. Baban yara da yaran duk suna gaisuwa. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, kuma in ka samu mai zuwa ka aiko da abin toshe kunne irin mai kyau na masu aikin inji, don audugar ba ta tare komai. Ta ce guda biyu, nata da na yaron aikinta, wato Baba.

Allah ya sada mu da alheri, ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Yayarka